Jakar Tsaba: Birtaniya, Turai da Shekara 50 na Neman Mai Laifi

A watan Oktoban 2025 ministar kuɗin Birtaniya, Rachel Reeves, ta fito fili ta lissafa abubuwan da ta ce sun durƙusar da tattalin arzikin ƙasarta. Ta ambaci tsuke bakin aljihun da gwamnatocin baya suka yi. Ta ambaci kasafin kuɗin Liz Truss na 2022. Sannan ta ambaci ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, abin da duniya ta sani da suna Brexit.

Wanda ba ya bibiyar siyasar ƙasar zai ɗauka magana ce ta yau da kullum. Amma jam'iyyarta ta Leba ta shafe shekaru tana kauce wa wannan kalma. A yaƙin neman zaɓen 2024 shugabanta, Keir Starmer, ya yi alkawarin cewa ba za su koma kasuwar bai ɗaya ta Turai ba, ba za su koma tsarin kwastam na bai ɗaya ba, kuma ba za su dawo da 'yancin zirga-zirgar mutane tsakaninsu da nahiyar ba. Sai ga shi, ana saura 'yan makonni a gabatar da kasafin kuɗin da kowa ya san da ƙarin haraji zai zo, an tuna da Brexit.

Tambaya biyu ke gabanmu. Shin gaskiya ministar ta faɗa? Kuma me ya sa sai a lokacin? Idan muna son amsa, sai mun koma baya, domin wannan ba shi ne karo na farko da ɗan siyasar Birtaniya ya rataya wa Turai jakar tsaba ba. Abin da ya sauya kawai shi ne, da laifin shiga ake gani, yanzu kuma laifin fita.

Ƙofar da aka rufe sau biyu

A 1957 ƙasashe shida suka sa hannu a kan yarjejeniyar Roma: Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Luksambog. Manufarsu ita ce su cire harajin kwastam a tsakaninsu, su kuma sa haraji iri ɗaya a kan kayan da ke shigowa daga waje. An gayyaci Birtaniya tun wurin tattaunawar farko, ta leƙa, ta janye. A ganin shugabanninta na wancan lokaci, ƙasar da ke da daula ba ta da buƙatar shiga adashen maƙwabta. Tana sayen alkama daga Kanada, man shanu da naman rago daga Niyu Zilan, koko daga Gana, gyaɗa da auduga daga Arewacin Najeriya. A 1960 ma ta jagoranci kafa wata ƙungiyar ciniki ta daban mai ƙasashe bakwai.

Ba a daɗe ba lissafi ya sauya. Ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka suna karɓar 'yanci ɗaya bayan ɗaya, su kuwa ƙasashe shidan nan tattalin arzikinsu na bunƙasa fiye da nata. A 1961 firaminista Harold Macmillan ya nemi shiga. A watan Janairun 1963 shugaban Faransa Charles de Gaulle ya hau kujerar na-ƙi. Harold Wilson ya sake nema a 1967, de Gaulle ya sake rufe ƙofa, kuma a watan Nuwamban wannan shekarar Birtaniya ta karya darajar fam daga dala 2.80 zuwa dala 2.40.

A cikin waɗannan shekaru, bayanin da yawancin manyan ƙasar ke bayarwa shi ne: muna baya ne saboda muna waje. Suna ganin da zarar an shiga, masana'antun da suka tsufa za su farfaɗo. Sai bayan de Gaulle ya sauka daga mulki aka samu hanya, Edward Heath ya shigar da ƙasar ranar 1 ga Janairun 1973, tare da Ayalan da Danmak.

Laifin shiga

Sa'a ba ta yi wa Heath rana ba. Wata tara da shiga, yaƙi ya ɓarke tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa, ƙasashe masu arzikin mai suka rage fitarwa, farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. A gida kuma ma'aikatan haƙar kwal suka shiga takun saƙa da gwamnati, har a farkon 1974 aka taƙaita wa masana'antu wutar lantarki zuwa kwana uku a mako. Kafin duk wannan, ministan kuɗi Anthony Barber ya riga ya saki kuɗi cikin kasuwa a kasafin 1972 don a samu bunƙasa cikin gaggawa. Da waɗannan suka haɗu, hauhawar farashi ta kai kusan kashi 25 cikin ɗari a 1975.

Matar gida da ke shiga kanti ba ta ganin kasafin Barber a jikin kwalin man shanu. Abin da ta sani shi ne, an shiga ƙungiyar Turai, farashin abinci ya tashi. Masu adawa da shigar suka kama wannan da hannu bibbiyu. Kuma akwai ƙwayar gaskiya a maganarsu, domin tsarin noma na ƙungiyar yana kare manoman nahiyar ta hanyar tsadantar da abincin da ke shigowa daga waje. Tony Benn, minista a gwamnatin Leba, ya yi iƙirarin cewa zama cikin ƙungiyar ya janyo asarar guraben aiki rabin miliyan. Abokan aikinsa a cikin gwamnati ɗaya suka ƙaryata shi a bainar jama'a.

Ranar 5 ga Yunin 1975 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 67 cikin ɗari suka zaɓi a zauna. Cikin masu yaƙin a zauna har da sabuwar shugabar jam'iyyar Conservative, Margaret Thatcher, wadda ta fito sanye da riga mai ɗauke da tutocin ƙasashen ƙungiyar. Zaman bai hana ƙasar zuwa Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1976 neman rancen dala biliyan 3.9 ba. Waɗanda suka ce shiga ce magani ba su ga waraka nan take ba. Waɗanda suka ce shiga ce cutar kuwa sun manta cewa tun kafin a shiga ake kwance.

Jam'iyyu sun yi musayar riga

A zaɓen 1983 jam'iyyar Leba ce ta rubuta a takardar manufofinta cewa za ta fitar da ƙasar daga ƙungiyar. Ta sha mummunan kaye. Thatcher kuwa, bayan ta matsa har aka amince a riƙa mayar wa Birtaniya wani kaso na kuɗin da take zubawa a 1984, ita ce ta zama kan gaba wajen gina kasuwar bai ɗaya, inda kaya da kuɗi da ayyuka da mutane za su riƙa ketare iyaka ba tare da shinge ba. Kasuwar ta fara aiki a farkon 1993.

Kafin nan riguna sun fara sauyawa. Ƙungiyoyin ƙwadago sun gano cewa dokokin Turai na kare ma'aikaci fiye da na Thatcher, sai suka juya suka rungumi Turai. 'Yan Conservative kuma suka fara ganin ƙungiyar na neman zama gwamnati a kan gwamnatinsu.

Wani abu ya faru a 1992 da ya daɗe yana tasiri a zukatansu. Tun 1990 Birtaniya ta ɗaure darajar fam da kuɗin Jamus a cikin wani tsarin musayar kuɗi na Turai. Ranar Laraba 16 ga Satumban 1992 'yan kasuwar kuɗi suka yi wa fam taron dangi. Gwamnatin John Major ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 10 zuwa 12, ta yi shelar za ta kai shi 15, duk a rana ɗaya, amma da yamma ta sallama ta fice daga tsarin. Aka kira ranar Baƙar Laraba. Abin mamaki, bayan ficewar kuɗin ruwa ya sauko, kayan Birtaniya suka yi araha a waje, tattalin arziki ya kama bunƙasa har zuwa 2008.

Masu ƙyamar Turai suka ɗauki darasi daga nan: masana sun tsoratar da mu, mun fita, mun ga alheri. Abin da ba su tsaya sun bambance ba shi ne, tsarin musayar kuɗi daban, kasuwa daban. Sun fita daga na farko, amma duk tsawon shekarun bunƙasar suna cikin ta biyu.

Motar bas da takardar baitulmali

Rikicin bankuna na 2008 ya daki Birtaniya fiye da ƙasashe da yawa saboda girman harkar kuɗi a Landan. Daga 2010 gwamnatin David Cameron da ministan kuɗinsa George Osborne suka shiga rage kashe kuɗi. Ƙananan hukumomi suka rasa kaso mai tsoka na kuɗinsu, aka rufe ɗakunan karatu da cibiyoyin matasa, albashi ya tsaya cak. A daidai lokacin kuma ma'aikata daga Folan da sauran ƙasashen gabashin Turai, waɗanda suka shiga tarayyar a 2004, sun cika garuruwa da gonaki.

Mutumin da ya daɗe a layin asibiti yana iya ɗora laifin a kan kasafin kuɗin da bai taɓa karantawa ba, ko kuma a kan baƙon da ke zaune kusa da shi. Nigel Farage da jam'iyyarsa ta UKIP sun san wanne ya fi sauƙi. Don ya kashe wutar da ke ci a cikin jam'iyyarsa, Cameron ya yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama a 2013.

Kowane ɓangare ya zo da lambarsa. Masu son fita, ciki har da Boris Johnson, suka rubuta a jikin wata jar motar bas cewa ƙasar na aika wa Turai fam miliyan 350 kowane mako, gara a zuba kuɗin a asibitoci. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce lambar na yaudarar jama'a, tun da ba a cire rangwamen da Thatcher ta samo ba, balle kuɗin da ke dawowa ga manoma da jami'o'i. Masu son zama kuma suka fito da takardar baitulmali mai cewa da zarar an zaɓi fita tattalin arziki zai karye nan take, mutum kusan rabin miliyan su rasa aiki.

Ranar 23 ga Yunin 2016 kashi 51.9 suka zaɓi fita, mutum miliyan 17.4. Landan da Sikotlan da Ayalan ta Arewa suka zaɓi zama. A daren fam ya faɗi daga wajen dala 1.50 zuwa wajen dala 1.33, ƙasa da duk inda ya taɓa sauka cikin shekara 30. Kayan waje suka yi tsada, hauhawar farashi ta tashi daga rabin kashi ɗaya zuwa kashi 3 a ƙarshen 2017. Amma karyewar da baitulmali ta yi hasashe ba ta zo ba. Rashin aikin yi ma raguwa ya yi, har ya sauka ƙasa da kashi 4 a 2019. Wannan zuzutawa ta yi wa masu son zama illa mai tsawo, domin duk gargaɗin da suka yi bayan nan, ko da na gaskiya ne, sai a tuna musu da wancan.

Duka uku a wuri ɗaya

Birtaniya ta fita a hukumance ranar 31 ga Janairun 2020. Ba a cika wata biyu ba annobar korona ta sa aka kulle ƙasar, tattalin arziki ya ragu da kusan kashi 10 a wannan shekara. Sababbin ƙa'idojin ciniki da Turai sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, ana tsakiyar wani kullen. A watan Fabrairun 2022 Rasha ta mamaye Yukren, farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabi.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ƙa'ida da ake koya wa kowane sabon shiga: kada ka saki gyara uku a lokaci guda. Idan manhajar ta lalace, ba za ka san wanne ne ya ɓata ta ba. Idan hakan ta faru, dabararmu ita ce mu janye gyaran ɗaya bayan ɗaya, mu sake gwadawa, har mu kama mai laifin. Ƙasa ba ta da wannan gata. Ba wanda zai iya mayar da Birtaniya 2016 ya sake kunna ta ba tare da Brexit ba don a ga bambanci. A wannan giɓi ne ɗan siyasa ke samun wurin shimfiɗa tabarmarsa.

A kakar 2021 gidajen mai suka ƙafe saboda ƙarancin direbobin manyan motoci. Wasu suka ce direbobin Turai ne suka koma gida saboda Brexit. Gwamnati ta ce korona ce ta hana gwajin sababbin direbobi, kuma Jamus da Folan ma na fama da ƙarancin. Duka biyun gaskiya ne, ko da yake gwamnatin da kanta ta buɗe bizar wucin gadi ga direbobi 5,000 daga waje. A watan Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 11.1, mafi muni cikin shekara 41. Masu adawa da Brexit suka ce ga sakamako nan. Amma a watan nan ƙasashe masu amfani da kuɗin yuro, waɗanda ba su fita daga ko'ina ba, suna kan kashi 10.6. A farkon 2023 manyan kantuna suka ƙayyade yawan tumatirin da mutum zai saya. Yanayi ne ya ɓata amfanin gona a Sifaniya da Maroko, amma idan kaya suka yi ƙaranci, dillali zai fara kai wa kasuwar da ba ta neman takardu da yawa.

Abin da lissafi ya nuna

Tun da ba za a iya sake kunna ƙasa ba, masana tattalin arziki sun yi wata dabara da za ta burge duk mai aikin kwamfuta. Sukan tattaro ƙasashen da tafiyar tattalin arzikinsu ta yi kama da ta Birtaniya kafin 2016, su gauraya su bisa wani ma'auni, su ƙera wata Birtaniya ta lissafi wadda ba ta fita ba. Daga nan sai su kwatanta ta da ta gaske. John Springford, na wata cibiyar nazarin harkokin Turai a Landan, ya yi amfani da wannan hanya, ya samu cewa zuwa tsakiyar 2022 ta gasken ta gaza ta lissafin da kimanin kashi 5 cikin ɗari. Masu suka sun ce sakamakon ya dogara da ƙasashen da aka zuba a cikin gaurayen, musamman Amurka, wadda ta yi gaba saboda dalilai nata na daban.

Hukumar da ke sa ido kan kasafin kuɗin ƙasar, wadda ba ta ƙarƙashin kowace jam'iyya, ta daɗe tana gina hasashenta a kan cewa a ƙarshe Brexit zai rage abin da ma'aikacin ƙasar ke samarwa da kashi 4, ya kuma rage cinikin shige da fice da kashi 15, idan aka kwatanta da zama. Masana na jayayya a kan girman lambar. Kaɗan ne daga cikinsu ke cewa babu asara.

Yadda asarar ke faruwa shi ya sa ba a ganinta da ido. Yarjejeniyar da Johnson ya ƙulla a jajiberin Kirsimetin 2020 ba ta sa harajin kwastam a kan kaya ba. Abin da ta dawo da shi takardu ne: sanarwar kwastam, shaidar inda aka ƙera kaya, takardar likitan dabbobi ga mai fitar da nama ko cuku ko kifi. Babban kamfani zai ɗauki ma'aikata su riƙa cikewa. Mai ƙaramar sana'a da ke aika kwali goma a wata zuwa Faransa sai ya ga kuɗin takarda ya cinye ribar, ya haƙura. Ba a rufe masana'anta an ɗauki hoto ba. Wata ce da za a gina aka fasa, ko aka kai ta Holan. Jarin da kamfanoni ke zubawa ya tsaya wuri ɗaya na shekaru bayan 2016. Yarjejeniyoyin da aka ƙulla da ƙasashe masu nisa kuma ba su cike gurbin ba. Shiga ƙungiyar cinikin ƙasashen tekun Fasifik, bisa ƙiyasin gwamnatin da kanta, ba zai ƙara ko kashi ɗaya bisa goma na kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. An yi Brexit da alkawarin rage baƙi, amma asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da jami'o'i na buƙatar mutane. Da Turawan gabas suka ragu, sai aka buɗe wa wasu ƙofa. A 2023 rarar masu shiga a kan masu fita ta haura 900,000 a shekara, kuma 'yan Najeriya na sahun gaba, bayan 'yan Indiya. Nas-nas da likitocin da asibitocinmu suka rasa a shekarun nan, wani ɓangare na labarinsu ya faro ne daga akwatin ƙuri'ar 2016. Da lambar ta tayar da ƙura, a 2024 aka hana yawancin ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu.

In ɓera da sata

To ministar ta faɗi gaskiya? Ta faɗi wani yanki nata. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ma'aikacin Birtaniya ke samarwa a awa ɗaya ya daina ƙaruwa yadda ya saba tun 2008, shekara takwas kafin ƙuri'ar. Ƙasar ta daɗe tana bayan takwarorinta wajen zuba jari a injuna da hanyoyi da gidaje. Dokokinta na ba da izinin gini, waɗanda ke sa aikin layin dogo ko rukunin gidaje ya ɗauki shekaru, a majalisarta aka rubuta su. Kasafin da Truss da ministanta Kwasi Kwarteng suka gabatar a watan Satumban 2022, mai rage harajin fam biliyan 45 ba tare da bayanin inda za a cike giɓin ba, shi ya kai fam kusan dala 1.03, kuma a Landan aka dafa shi. Ita ma Reeves, a kasafinta na farko a 2024, ta ƙara harajin fam biliyan 40, mafi yawansa a kan masu ɗaukar ma'aikata.

Me ya sa sai a 2025? Domin lissafin siyasa ya juya. Ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna fiye da rabin jama'a na ganin fitar kuskure ce. Sabuwar jam'iyyar Farage, Reform UK, ta shige gaba a ƙuri'un, don haka tunatar da mutane wanda ya kawo Brexit ya zama makami. Shi kansa Farage tun 2023 ya amsa cewa abin bai yi nasara ba, amma ya ce 'yan Conservative ne suka ɓata aiwatarwar. Kowa ya samu inda zai ajiye laifi nesa da ƙofarsa.

Hanya mafi sauƙi ta auna irin wannan magana ita ce a dubi abin da mai maganar ya shirya yi. Wanda ya ce fita daga kasuwa ce ta karya ƙasa, sannan ya rantse ba zai koma kasuwar ba, ya ba mu bayani ne ba tare da magani ba. Taron da Starmer ya yi da shugabannin Turai a watan Mayun 2025 ya amince a sassauta binciken kayan abinci da wasu 'yan abubuwa. Gyara ne mai amfani, amma ƙarami ne a kan ciwon da ake kwatantawa.

Gemun maƙwabci

Mako guda kafin ƙuri'ar Birtaniya ta 1975, ranar 28 ga Mayu, shugabannin Afirka ta Yamma suka sa hannu a Legas a kan yarjejeniyar kafa ECOWAS, bisa jagorancin Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma. Ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga cikinta.

A nan ma gyare-gyare da yawa aka saki a lokaci guda. A watan Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, a watan Yuni ta saki naira. A watan Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke dogaro da ita. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma iyakar Nijar da Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Ga kuma matsalar tsaro a kan hanyoyi. Idan buhun shinkafa ya yi tsada a Maraɗi, ko cinikin dabbobi ya ja baya a Maigatari, wanne daga cikin waɗannan za a kama?

Masu mulki za su nuna takunkumi da hannun ƙasashen waje. Masu adawa da su za su nuna ficewar. Kowannensu zai samu hujja ta gaske da zai riƙe. Ya kamata mu tuna cewa ƙasashen uku ba su bar kuɗin sefa ba, ba su kuma bar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da shi ba, sannan ECOWAS ta ce za a ci gaba da zirga-zirga da ciniki kamar da kafin a kammala tattaunawa. Wato ainihin tasirin ficewar bai gama bayyana ba. Idan ya zo, tarihin Birtaniya na nuna ta inda zai fi shigowa: ta takarda, ta shingen kan hanya, ta ƙarin awanni a Jibiya ko Illela, ta ɗan kasuwar da ya lissafa ya ga tafiyar ba ta biya, ya zauna a gida. Irin wannan asara ba ta da ranar da za a ce ta faru, shi ya sa mai son musanta ta ke samun sauƙi, mai son zuzuta ta ma haka.

Saboda haka duk ranar da wani shugaba, a Landan ko Yamai ko Abuja, ya gaya mana cewa shiga wata ƙungiya ko fita daga cikinta ce ta jefa mu cikin tsada, akwai abubuwa uku da za mu nema daga gare shi. Ya gaya mana yadda farashin yake kafin ranar da yake zargi. Ya gaya mana halin da maƙwabtan da ba su yi abin da muka yi ba suke ciki. Sannan ya gaya mana abin da ke hannunsa a yau, wanda ba ya buƙatar izinin kowace ƙungiya, da dalilin da ya sa bai yi shi ba.